Yaro Mai Buƙata Ta Musamman A Ajin Kowa Da Kowa: Nazari Daga Ƙasar Acida

Gabatarwa

Idan aka kaɗa ƙararrawar safe a makarantun firamare na Acida da Wurno da Raɓah da Goronyo, akwai yara iri biyu da wannan ƙararrawa ba ta yi musu amfanin komai. Iri na farko su ne waɗanda ba a taɓa rubuta sunansu a rajista ba saboda makanta, ko kurumta, ko gurgunta, ko wata lalura ta ƙwaƙwalwa. Wasunsu suna zaune a cikin gida, wasu kuwa an riga an miƙa musu ƙoƙon bara. Iri na biyu su ne waɗanda sunansu yana cikin rajista, suna kuma zuwa aji kullum, amma darasi yana wuce su, domin ba su ganin allo sosai, ko ba su jin malami sosai, kuma babu wanda ya lura.

Manufar wannan lacca ita ce bayyana hanyoyi biyu da masana ilmi suka fito da su don amfanin irin waɗannan yara. Ta farko ita ce ilmin haɗaka, wato a karantar da yaro mai naƙasa a aji ɗaya da sauran yaran garinsu. Ta biyu ita ce shirin karatun ɗalibi, wato rubutaccen tsari da ake yi wa yaro guda shi kaɗai, gwargwadon halinsa da buƙatarsa. Za a duba asalinsu, da matsayinsu a dokar Nijeriya, da kuma yadda za su iya aiki a garuruwan da ke gabas da birnin Sakkwato.

Kalmomi Da Ma'anarsu

Ya kamata a fara da kalmomi, domin sunan da aka kira mutum da shi yakan nuna abin da ake zaton zai iya. Hausa tana da makaho da kurma da bebe da gurgu da kuturu, tana kuma da kalmomin da suka game su duka, kamar naƙasasshe da musaki. A 'yan shekarun nan sai aka shiga cewa masu buƙata ta musamman. Wannan sabon suna ya fi na da faɗi, don kuwa ya haɗa da zabiya wanda hasken rana yake kashe wa ido, da mai farfaɗiya, da mai in'ina, da mai amosanin jini wanda ciwo yake yawan hana shi zuwa makaranta, da mai jinkirin fahimta, har ma da yaron da kaifin basirarsa ya wuce na tsararsa nesa.

Akwai kuma wata kalma da ta fi duk waɗannan ɓarna a cikin aji, wato daƙiƙi. Da zarar an laƙaba wa yaro ita, bincike ya ƙare. Malami ba zai sake tambayar kansa dalilin da ya sa yaron yake kwafar aikin na kusa da shi maimakon ya dubi allo ba, ko dalilin da ya sa ba ya amsawa sai an taɓa shi. Alhali kuwa sau da yawa abin da aka kira daƙiƙanci ciwon ido ne ko na kunne, wanda tabarau ko canjin wurin zama zai iya magancewa.

Yawan irin waɗannan yara ya wuce yadda ake zato. A shekarar 2021 hukumar UNICEF ta ƙiyasta cewa yara masu naƙasa a duniya sun kusa miliyan 240, wato kimanin ɗaya cikin kowane goma. Tun kafin wannan, a 1978, kwamitin da Mary Warnock ta shugabanta a Ingila ya ƙiyasta cewa ɗaya cikin yara biyar zai buƙaci taimako na musamman a wani lokaci na karatunsa. Ke nan duk ajin da ya tara yara 60, da wuya a rasa irinsu a cikinsa.

Yadda Al'amarin Ya Faro

Matakin farko da aka ɗauka a ko'ina shi ne keɓewa, wato a gina wa makafi tasu makaranta, kurame ma tasu. A Nijeriya 'yan mishan ne suka fara wannan aiki. An buɗe makarantar makafi ta Gindiri, a Jihar Filato ta yanzu, a 1953. A 1960 wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, Andrew Foster, ya kafa makarantar kurame a Ibadan, ta hanyarsa ne kuma maganar hannu ta Amurka ta shigo makarantun ƙasar nan. Daga baya gwamnati ta shiga. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta keɓe sashe guda don ilmin musamman, kuma a wannan shekarar aka kafa kwalejin horon malaman wannan fanni a Oyo. A birnin Sakkwato akwai fitacciyar makarantar nan ta musamman da ake kira A. A. Raji.

Waɗannan makarantu sun yi rawar gani, sun fitar da malamai da lauyoyi da ma'aikatan gwamnati. Amma suna da iyaka. Yawancinsu a birane suke, gurabensu kaɗan ne, kuma dole yaro ƙarami ya rabu da iyayensa. Manomin albasa a Wurno ko masunci a Goronyo da wuya ya yarda ya kai 'yarsa makauniya 'yar shekara 7 birni ya baro ta a hannun mutanen da bai sani ba. Sakamakon haka sai ta zauna a gida.

Shi kuwa shirin karatun ɗalibi, a Amurka ya sami gindin zama. A 1975 majalisar dokokin ƙasar ta gano cewa yara masu naƙasa fiye da miliyan ɗaya ba su zuwa makarantar gwamnati ko kaɗan, sai ta yi dokar da Shugaba Gerald Ford ya sa wa hannu, wadda ta wajabta a ba kowane yaro mai naƙasa ilmi kyauta, a rubuta masa shirinsa, a kuma zaunar da shi tare da sauran yara iyakar yadda zai yiwu. An sabunta dokar, aka canza mata suna a 1990. A Ingila dokar ilmi ta 1981 ta biyo bayan rahoton Warnock. A watan Yuni na 1994 wakilan gwamnatoci 92 suka taru a garin Salamanka na ƙasar Sifen, suka amince cewa makarantar unguwa ita ce ya kamata ta gyara kanta ta karɓi kowane yaro. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin masu naƙasa a 2006, Nijeriya kuma ta tabbatar da amincewarta da ita a 2010.

Abin Da Dokar Nijeriya Ta Tanada

A birnin Sakkwato ne Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya ranar 30 ga Satumba, 1999. Dokar shirin ta 2004 ta mayar da karatun shekara 9 kyauta kuma tilas ga kowane yaro, wato shekara 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare, ta kuma ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don tallafa wa jihohi. Dokar ba ta ce ban da makaho ko gurgu ba.

A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci. Ta fuskar ilmi, wannan doka ta ba mai naƙasa haƙƙin karatu kyauta har zuwa ƙarshen sakandare. Ta ce makarantun gwamnati su zama na haɗaka, kowace ta sami aƙalla ma'aikaci ɗaya mai horo a wannan fanni, da kayan aikin da suka dace. Ta kuma ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen gwamnati yadda mai keken guragu zai iya shiga, wa'adin da ya cika a farkon 2024. A 2020 aka kafa hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa.

To, sai dai makarantun firamare suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi ne. Dokar da aka sa wa hannu a Abuja ba za ta isa ajin da ke Acida ba sai ta biyo ta hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha, da sakataren ilmi na ƙaramar hukumar Wurno, da hedimasta, sannan malamin aji. Duk inda aka sami sakaci a wannan jeri, nan haƙƙin yaro yake tsayawa.

Tushen Da Ke Akwai A Gida

Mai yiwuwa ne a ɗauka cewa duk wannan baƙon abu ne, amma wanda ya san makarantar allo ya san ba haka al'amarin yake ba. A makarantar allo babu aji, babu kuma ranar da kowa zai ci gaba tare. Kowane almajiri yana da allonsa da inda ya tsaya. Wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya yi nisa cikin izu. Malam yakan biya wa kowa nasa, ba ya kuma ba shi izinin wanke allo sai ya tabbata ya riƙe. A irin wannan zama makaho bai taɓa zama bare ba, yakan saurara ya hardace, har ya zama alaramma ana ɗaukar karatu a wurinsa. Musulmi sun san kuma labarin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon sahabin da Suratu Abasa ta sauka a kan sha'aninsa lokacin da ya zo neman sani, wanda daga baya ya zama ladan a Madina.

Ita kanta wannan ƙasa tana da nata tarihi. Wurno ribaɗi ce da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna, a can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa yake. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajojin da ta horar suke ɗaukar karatu su kai wa matan ƙauyuka waɗanda ba su da halin zuwa da kansu. Hikimar da ke ciki ita ce, idan ɗalibi ya kasa isa ga ilmi, sai a nemi hanyar da ilmi zai isa gare shi. Haka nan sarautun gargajiya irin su Sarkin Makafi da Sarkin Guragu sun nuna cewa al'umma ta daɗe da sanin waɗannan mutane a matsayin jama'a masu shugabanni da murya.

Duk da haka, tsarin gargajiya yana da nasa giɓi. Karatun da ya dogara a kan kunne ya karɓi makaho, amma ya bar kurma a baya. Sannan al'adar mayar da naƙasa hanyar neman sadaka ta sa iyaye da yawa ba su ganin wata makoma ga irin wannan yaro ban da bara. Abin da ake nema shi ne a ɗauko kyakkyawar ɗabi'ar makarantar allo ta bin kowane yaro a inda yake, a haɗa ta da rubutu da awo da bin diddigi.

Mene Ne Shirin Karatun Ɗalibi?

Shirin karatun ɗalibi takarda ce da ke amsa tambayoyi biyar game da yaro guda. Ta farko, ina yaron yake yanzu? A nan ana rubuta abin da ya iya kafin abin da ya kasa, domin a kan abin da ya iya za a ɗora gini. Ta biyu, ina ake so ya kai a ƙarshen zango ko shekara? Dole burin ya zama abin da za a iya aunawa. Cewa ana so karatunsa ya inganta fata ne kawai, amma cewa zai karanta kalmomi 30 masu gaɓa biyu ba tare da taimako ba, wannan buri ne da kowa zai iya gwadawa. Ta uku, wace hanya da waɗanne kayan aiki za a bi? Ta huɗu, wane ne zai yi kowane aiki, kuma yaushe? Ta biyar, wace rana za a sake zama a duba?

Ba mutum ɗaya ke rubuta shi ba. Ana buƙatar malamin aji, da hedimasta, da uba ko uwa ko mariƙin yaron, da ma'aikacin lafiya, da malami mai horo na musamman idan akwai, da shi kansa yaron idan ya yi wayo. Matsayin iyaye a nan babba ne. Uwa ta san da wane kunne ɗanta yake ji, ta san abin da ke firgita shi, da alamun da yake yi idan yana son ruwa. Inda al'ada ba ta bari uwa ta zo makaranta ba, sai malama ta same ta a gida. A dokar Amurka ana sake duba shirin aƙalla sau ɗaya a shekara, a kuma sake auna yaron gaba ɗaya aƙalla bayan kowace shekara 3. A makarantar da zangunan karatu uku ne, ƙarshen kowane zango ya fi dacewa.

Alal misali, a ƙaddara wata yarinya 'yar shekara 9 a aji uku, wadda ta yi ciwon sanƙarau ta warke, amma jinta ya ragu. Shirinta zai nuna cewa ta san haruffa, tana rubuta sunanta, tana tara lambobi har zuwa 20, amma ba ta iya shifta, kuma ta daina wasa da ƙawayenta. Burin zango shi ne ta karanta kalmomi 30, ta yi tarawa da ɗebewa har zuwa 50, ta kuma amsa tambaya a gaban aji sau ɗaya a mako. Hanyar kuwa ita ce a zaunar da ita a layin gaba, kunnenta mai ɗan ji yana wajen malami. Malami ya daina magana yana fuskantar allo, ya tsaya inda haske zai bayyana bakinsa, ya rubuta duk wani umurni. A haɗa ta da ƙawa mai haƙuri da za ta riƙa nuna mata shafi. Uba ya kai ta asibiti a Sakkwato a auna kunnenta kafin ƙarshen wata. Yayarta ta riƙa biya mata kalmomi biyar kowace yamma. Duk wannan bai wuce shafi ɗaya na littafin rubutu ba, kuma ban da kuɗin motar zuwa asibiti da na awo, babu abin da zai ci.

Gano Yaran Da Shirya Aji

Ba a rubuta wa yaro shiri sai an gano shi. Cututtukan da ke barin naƙasa a wannan yanki sanannu ne. Sanƙarau, wanda ya yi mummunar ɓarna a Arewa a 1996, ya kuma sake ɓarkewa a Zamfara da Sakkwato a 2017, yakan bar kurumta. Ƙyanda da rashin abinci mai gina jiki sukan taɓa ido. Shan inna ya gurgunta yara masu yawa kafin a tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Cutar noma mai cin naman fuska, wadda aka kafa mata asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, takan bar tabon da ke sa yaro ya ɓuya don gudun dariya. Doguwar naƙuda da shawarar jarirai da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani sukan taɓa ƙwaƙwalwa. Hare-haren 'yan bindiga da suka raba mutanen ƙauyukan Raɓah da Goronyo da gidajensu sun ƙara wasu yaran, masu raunin jiki da masu firgici.

Malami ba likita ba ne, amma akwai gwaji mai sauƙi da zai iya yi a makon farko na shekara. Don gwajin ido, ana rataye takardar awo mai alamu manya da ƙanana, yaro ya tsaya nisan mita 6, ya rufe ido ɗaya ya karanta da ɗayan. Don gwajin kunne, malami ya tsaya bayan yaro, nisan tsawon hannu, ya raɗa lambobi, yaron ya maimaita. Wanda ya kasa sai a tura shi asibiti. Waɗanda ba su zo makaranta ba kuwa, mai unguwa da limami da ungozoma da matan da ke bi gida gida don allurar rigakafi sun san gidan da suke.

Shirya aji shi ma yawancinsa dabara ce. Mai raunin gani yana bukatar layin gaba, da allo baƙi ƙirin, da manyan haruffa, kuma malami ya riƙa faɗar abin da yake rubutawa. Zabiya a raba shi da bakin taga, a bar shi da hularsa da riga mai dogon hannu. Makaho yana buƙatar rubutun makafi wanda Louis Braille na Faransa ya wallafa a 1829, mai ɗigo shida da ake shafawa da yatsa, kuma ana rubuta Hausa da shi. Gurgu yana buƙatar gangara a madadin matakala, wadda ba ta wuce tashin taku ɗaya a cikin tsawon taku 12 ba, da ƙofa mai faɗi, da makewayin da zai iya shiga. Rashin makewayi kaɗai ya isa ya kori yarinya daga makaranta. Mai farfaɗiya kuwa, babban abin da yake buƙata shi ne a koya wa 'yan ajinsu cewa ba a ɗaukar ciwon ta hanyar taɓawa ko miyau. Idan ya faɗi a kawar da abin da zai ji masa ciwo, kada a sa masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe, idan kuma abin ya wuce minti 5 a nemi asibiti.

Matsaloli Da Iyakar Haɗaka

Gaskiya ce cewa zaunar da yaro a aji ba shi ne karantar da shi ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, da malami ɗaya ga yara 10 a ajin musamman, amma a makarantun karkara sau da yawa aji guda yakan ninka wannan adadi. Malamin da ke fama da irin wannan taro, idan aka ƙara masa makaho ba tare da horo ko kayan aiki ba, an cuci malamin, an kuma cuci yaron. Ko a Amurka, Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin ɗaukar har kashi 40 cikin ɗari na kuɗin ilmin musamman, amma ba ta taɓa cika shi ba, kuma malamai suna kukan cewa cike takardu yana cinye lokacin koyarwa. Darasin da ke nan shi ne a taƙaita takarda, a yawaita aiki.

Sha'anin kurame yana da wuyar sha'ani na daban. Kurma yana buƙatar harshe, harshensa kuma shi ne na hannu. Hausawa kurame suna da tasu maganar hannu tun kafin zuwan boko, wadda Constanze Schmaling ta yi nazari a Kano ta wallafa littafi a kanta a shekarar 2000, alhali makarantu suna amfani da wadda ta samo asali daga Amurka. Yaron da aka haifa kurma, aka ajiye shi shi kaɗai a cikin masu ji, babu mai yi masa magana da hannu, yana cikin taro amma a keɓe yake. Irin wannan yaro ya fi amfana idan aka tara kurame da yawa wuri ɗaya tare da malamin da ya iya harshensu. Haka nan yaro mai naƙasa fiye da ɗaya, ko mai tsanani, yana iya buƙatar makarantar musamman ko a bi shi gida. Saboda haka haɗaka ba ta soke makarantar musamman ba. Abin da ta yi shi ne ta canza mata aiki, ta zama cibiyar da ƙananan makarantu za su riƙa neman horo da kayan aiki da shawara.

Abin Da Ya Rataya A Wuyan Ma'aikata Da Ɗalibai

Aiki na farko shi ne ƙidaya. Sashen ilmi na kowace ƙaramar hukuma ya kamata ya san yara nawa ne masu buƙata ta musamman a kowace gunduma, da irin buƙatarsu, domin wanda ba a ƙidaya ba, ba a yi masa kasafi. Na biyu, a zaɓi makaranta ɗaya a gari mai hada-hada kamar Acida, wanda yake kan hanyar Sakkwato zuwa Wurno da Goronyo, a keɓe mata ɗaki guda na kayan aiki da aji na kurame, a kuma ba ta malami mai horo da babur, wanda zai riƙa zagaya makarantun kewaye kamar yadda jajojin Nana Asma'u suka yi. Na uku, kada injiniya ko akawun da ke biyan ɗan kwangila ya karɓi sabon aji da ba shi da gangara, don gina ta tun farko ya fi fasa gini arha. Na huɗu, sufeto idan ya je duba makaranta ya tambayi shirin kowane yaro kamar yadda yake tambayar rajista da littafin shirin darasi. Na biyar, a ba iyayen irin waɗannan yara da shugabannin masu naƙasa kujera a kwamitin gudanar da makaranta.

Su kuwa ɗalibai, fagen a buɗe yake. Jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero ta Kano suna da sassan ilmin musamman, yankin nan kuma yana buƙatar 'ya'yansa da suka san harshensa da al'adarsa su karanci fannin su dawo. Masu nazarin Hausa ma suna da nasu rabo, wato tattara maganar hannu ta ƙasar Sakkwato, da rubuta littattafan farko da manyan haruffa da rubutun makafi, da samar da kalmomin fannin da iyaye za su gane.

Kammalawa

An nuna cewa ilmin haɗaka da shirin karatun ɗalibi abubuwa biyu ne da ke tafiya tare, na farko yana buɗe wa yaro ƙofar aji, na biyu yana tabbatar da cewa shigarsa ta yi amfani. An nuna kuma cewa dokokin 2004 da 2019 sun riga sun ba shi wannan haƙƙi, cewa makarantar allo da tsarin 'Yan Taru sun share fage tun da daɗewa, kuma cewa kaso mai yawa na aikin lura ce da tsari, ba kuɗi ba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka gano raunin jinsa yana aji ɗaya ana iya ceto karatunsa, wanda kuwa aka bari har ya kai aji shida ana kiransa daƙiƙi, da wuya ya sake yarda da makaranta. Ƙasar da ta fitar da Sardauna Ahmadu Bello daga Raɓah ta san abin da makaranta take iya yi wa ɗan ƙauye. Abin da ya rage shi ne wannan alheri ya kai ga makaho da kurma da gurgu na wannan ƙauyen, kuma matakin farko bai wuce hedimasta da malamin aji da uban yaro su zauna a inuwa ɗaya su cika shafi guda ba.